WAƘAR HIP-HOP A YAU: ME AKA FARA, ME AKA KOMA, ME AKA RASA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau a kan waƙar hip-hop ne, wadda kafafen labarai na Hausa suke kira gambarar zamani. Na san wani zai ce, Malam me ya haɗa ka da wannan? Amsa ita ce: wayar da ke aljihun ƙaninka. Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Idan ba mu san abin da yaranmu suke ji ba, nasiharmu za ta riƙa wucewa ta saman kansu.

Tun farko in share hanya. Hukuncin kayan kiɗa magana ce sananniya: jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcinsu in ban da duffi a wurarensa, Ibn Hazm da wasu kuma sun saɓa. Wannan bahasi ne mai zaman kansa, ba shi na zo yi ba. Abin da zan duba shi ne zancen da ake ɗorawa a kan kiɗan, domin hip-hop kusan gaba ɗayanta magana ce. Ita kuwa waƙa, ƙa'idar malamai a kanta ita ce ana auna ta da ma'aunin sauran zance: mai kyau a karɓa, mummuna a mayar wa mai shi.

1. DAGA INA TA FITO?

Masu tarihin wannan waƙa suna ƙirga haihuwarta daga ranar 11 ga Agusta 1973, a wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick, unguwar Bronx ta birnin New York. Wani saurayi ɗan shekara 18 haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ya yi kiɗa a wani taron da ƙanwarsa ta shirya don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Dabarar da ya shahara da ita: ya sa faifai biyu iri ɗaya a kan na'ura biyu, yana maimaita gurbin da ganga kaɗai take tashi, sai wani ya kama makirfo yana jero magana a kai.

Ku dubi halin da Bronx take ciki a lokacin. An ratsa unguwar da babban titi an tarwatsa gidajen mutane, masana'antu sun gudu, masu gidajen haya suna cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, birnin kansa a 1975 saura ƙiris ya tsiyace. Yaran baƙaƙen fata da 'yan Latin ba aiki ba filin wasa, sai ƙungiyoyin daba. A cikin wannan toka abin ya tsiro.

A 1979 waƙar Rapper's Delight ta kai abin kasuwa. A 1982 Grandmaster Flash da jama'arsa suka fitar da The Message, wadda ta zayyana talauci da ƙwaya da kurkuku kamar mai ba da rahoto daga cikin lungu. Daga baya Public Enemy suka zo, jagoransu Chuck D yana kwatanta wannan waƙa da gidan talabijin na labaran baƙar fata, suna saka muryar Malcolm X a faifansu. Da aka harbe DJ Scott La Rock a 1987, abokinsa KRS-One ya tara mawaƙa suka kafa gangamin hana kashe-kashe, suka fitar da waƙa a 1989 suna yi wa kansu da kansu faɗa.

Magabatan abin sun ce rukunansa huɗu ne: mai haɗa kiɗa, mai magana, rawa, da zanen bango. Sai suka ƙara na biyar, suka ce shi ne ilimi. Ku riƙe wannan na biyar ɗin, za mu dawo masa.

Gargaɗi ɗaya a nan. Za ka ji kalmar Allah da sallama da wasu kalmomin Larabci a waƙoƙin wancan zamani, kada ka ruɗu ka ɗauka duk Musulunci ne. Da yawansu sun sha ne daga ƙungiyar Nation of Islam ko 'yan Kaso Biyar, waɗanda Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964, masu cewa baƙin mutum shi ne abin bauta. Wannan aƙida ta yi hannun riga da tauhidi. Akwai Musulmi na gaske a cikinsu, amma sai an tantance.

2. LARABAWA SUN RIGA SU

Duk wanda ya karanta adabin Larabci, in ya duba hip-hop zai ga tsofaffin ƙofofi ne aka sake wa fenti. Akwai fakhru, wato alfahari: ni ne wane ɗan wane, ba kamata. Akwai hija'i, wato zambo. Akwai madahu, yabo don a samu. Akwai marsiyya ga wanda ya mutu. Ko gasar da suke yi ta mayar wa juna martani, ai ita ce naƙa'id ta Jariru da Farazdaƙ, waɗanda suka shafe kusan shekara 40 suna jifan juna da baitoci, mutanen Basara suna taruwa a kasuwar Mirbad suna sauraro. Mu ma a nan muna da kirari da zambo da habaici tun kafin a san rediyo.

Musulunci bai kashe waƙa ba, saita ta ya yi. An kafa wa Hassanu bn Sabit mimbari a masallaci yana kare Manzon Allah (SAW) da baitoci. Ka'abu bn Zuhair ya zo da ƙasidarsa ta neman afuwa, aka yafa masa mayafi. A ɗaya ɓangaren, da Huɗai'a ya yi wa Zibriƙanu bn Badr zambo, ƙara ta kai gaban Sayyidina Umar (RA). Umar ya kira Hassanu a matsayin masani ya tabbatar zambo ne, ya ɗaure Huɗai'a, bai sake shi ba sai da sharaɗin ya bar mutuncin mutane. Ayoyi huɗu na ƙarshen Suratush Shu'ara, 224 zuwa 227, su ne ma'aunin: an zargi mawaƙa da wasu halaye, sannan aka yi togaciya ga masu imani da aikin kirki da yawan ambaton Allah da waɗanda suka rama bayan an zalunce su. Ku koma ku karanta tafsirinsu.

To da wannan ma'auni, bari mu ga abin da hip-hop ɗin da kasuwa take turawa a yau ta rasa.

3. TA RASA GASKIYA

Babban abin alfaharin mawaƙin hip-hop shi ne wai shi na gaske ne, abin da yake faɗa rayuwarsa ce. To mu je kotu, inda ake rantsuwa. A 2015 mawaƙi 50 Cent, wanda sunansa ya ginu a kan dukiya, ya shigar da takardar karayar arziki. Ya faɗa wa kotu cewa motocin da ake ganinsa da su na haya ne, kuma yawancin abin nishaɗi ne kawai. A 2016 da alƙali ta tambaye shi batun tarin daloli da yake ɗaukar hoto da su a Instagram, ya ce ba kuɗin gaske ba ne, na wasan kwaikwayo ne. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga wani abin mamaki. A Amurka masu gabatar da ƙara suna kawo baitocin mawaƙa a matsayin shaida, kamar yadda aka yi a shari'ar Young Thug a Atlanta bayan kama shi a 2022. Me lauyoyin mawaƙa suke cewa a irin waɗannan shari'u? Cewa suke ai waƙa ƙirƙira ce, ba a kama mutum da ita. Kun ga ke nan: a gaban yaro ɗan shekara 15 ana rantsuwa gaskiya ce, a gaban alƙali ana rantsuwa tatsuniya ce. Saɓawar baki da aiki na daga cikin abin da waɗancan ayoyi suka zargi mawaƙa da shi.

Wa ya yi asara? Yaron da ya gaskata. Yana kallon bidiyon minti uku, ya dubi ɗakinsu, ya dubi mahaifinsa da ya dawo kasuwa da ƙura a ƙafa, sai ya raina halal. Daga nan ake fara neman kuɗi ta kowace hanya.

4. TA RASA RUKUNI NA BIYAR

A 2006 ɗaya daga manyansu, Nas, ya sa wa kundinsa suna mai ma'anar hip-hop ta mutu. Wannan shaidar ɗan gida ce. Abin dariya, bayan shekara 11, a 2017, ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna hip-hop da 'yar'uwarta R&B sun zarce kowane nau'in waƙa yawan masu saurare a Amurka. Jiki ya yi ƙiba, ruhi ya rame.

Akwai dalili, kuma ya kamata mu fahimce shi. A manhajar Spotify ana ƙirga an saurari waƙa ne idan an kai daƙiƙa 30. A TikTok kuwa guntun daƙiƙoƙi ake yanka a yi rawa da shi. To mai neman kuɗi me zai yi? Zai gajarta waƙa, ya kawo amshi da wuri, ya maimaita kalma ɗaya har ta maƙale a kunne. Dogon baiti mai labari da hujja da ƙafiya a cikin ƙafiya, irin wanda su Rakim suka yi suna da shi, ba ya kawo riba a wannan tsari. Na'ura ba ta auna ma'ana, dannawa take ƙirgawa.

A balaga an koya mana lafazi riga ce, ma'ana ita ce jiki. Yanzu an kai matsayin da ko lafazin ba a ji, har su da kansu suna yi wa wani salo laƙabi da waƙar gunguni. Ka tambayi yaron da yake bin waƙar baki da baki me ake cewa, sai ya yi murmushi. Wallahi wani da zai ji fassarar abin da yake rerawa a gaban mahaifiyarsa, ƙasa ce zai so ta tsage.

5. TA RASA KUNYA DA MUTUNTA MACE

Wannan ba ƙorafin malaman Musulunci kaɗai ba ne. Matan baƙar fata na Amurka sun riga mu kuka. C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙe, ta sayi hannun jari a kamfanin Time Warner don kawai ta samu damar shiga taron masu hannun jari a 1995 ta ƙalubalanci shugabannin kamfanin kan irin kalmomin da suke sayarwa. A shekarar kamfanin ya sayar da kasonsa na Interscope. A 2004 ɗaliban Kwalejin Spelman ta Atlanta, makarantar mata baƙaƙe, sun tashi tsaye a kan wani bidiyon mawaƙi Nelly da ya wulaƙanta mace, har aka fasa taron da zai zo yi a makarantar.

Ku yi tunani a nan. Mutanen da aka sayar da kakanninsu mata a kasuwar bayi, ana duba su kamar dabbobi, yau jikokin ne suke jera 'yan'uwansu mata a bidiyo tare da mota da kwalba a matsayin kayan ado. Mawaƙi ɗaya zai yi waƙar yabon mahaifiyarsa har ka ji tausayi, waƙa ta gaba kuma ya kira sauran mata da sunan karya. To ita waccan ba uwar wani ba ce? Ba ƙanwar wani ba ce?

6. TA RASA GANIN GIRMAN RAI

Baki shi ke yanka wuya. Mutanabbi, gwanin gwanaye, an kashe shi a 354 bayan hijira, wato 965, saboda zambon da ya yi wa wani mai suna Dabba. Tupac Shakur an harbe shi a Las Vegas a Satumbar 1996, yana da shekara 25. Wata shida bayan haka, a Maris 1997, aka harbe abokin hamayyarsa Notorious B.I.G. a Los Angeles, yana da 24. An ɗauka za a ɗauki darasi. Ina!

XXXTentacion, harbi, 2018, shekara 20. Nipsey Hussle, harbi, 2019, shekara 33. Pop Smoke, harbi, 2020, shekara 20. King Von, harbi, 2020, shekara 26. Takeoff, harbi, 2022, shekara 28. Sai waɗanda ƙwaya ta ɗauke: Lil Peep a 2017 yana da 21, Mac Miller a 2018 yana da 26, Juice WRLD a 2019 yana da 21. Wace sana'a ce wannan da take cinye 'ya'yanta kafin su kai 30?

Akwai wani salo da ya taso a Chicago, ana ce masa drill, ya ƙetara har Landan. A cikinsa ana ambatar yaron ɗaya unguwar da aka kashe da sunansa ana yi masa dariya, 'yan'uwansa su ji su ɗauki fansa, a sake waƙa. A 2018 'yan sandan Landan sun nemi YouTube ya sauke irin waɗannan bidiyoyi. Kwatanta da Jariru: da Farazdaƙ ya rasu, bayan duk zagin shekara 40, marsiyya ya yi masa.

Batun ƙwaya kuwa ya taɓa mu kai tsaye. Akwai wani haɗi da ya shahara daga birnin Houston: maganin tari mai kodin a zuba cikin lemon kwalba. Shi ya kashe DJ Screw a 2000, amma har yau ana ɗaga kofinsa a bidiyo kamar tuta. Wannan kodin ɗin dai shi ne wanda binciken BBC na 2018 ya nuna irin ɓarnar da yake yi a Kano da sauran garuruwa, har gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun shekarar. Ban ce waƙa ce ta kawo mana shaye-shaye ba, dalilansa suna da yawa. Abin da waƙar ta yi shi ne ta cire wa abin kunya, ta sa masa rigar wayewa.

7. TA RASA 'YANCIN KANTA

Manyan kamfanoni uku ne suke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya: Universal, Sony da Warner. Yaro ɗan lungu za a ba shi kuɗin kafin alƙalami masu yawa, ya ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a cire daga cinikinsa kafin ya ga sisi. A wasu yarjejeniyoyin ma kamfani yana da kaso a wasan da ya yi da rigunan da ya sayar. In ya mutu kuma cinikin waƙoƙinsa ya tashi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Waƙar da aka fara don a faɗa wa masu ƙarfi gaskiya ta koma hajar masu ƙarfi.

8. ADALCI

An umarce mu da adalci ko ga wanda muka saɓa da shi. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kendrick Lamar ya karɓi kyautar Pulitzer a 2018, karo na farko da aka ba wa mawaƙin wannan fanni, kuma jigoginsa sun haɗa da laifi da nadama da halin unguwarsu ta Compton, duk da cewa shi ma bakinsa bai tsira daga ashar ba. A Senegal, mawaƙan hip-hop da 'yan jarida ne suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, suka bi matasa lungu-lungu su yi rajistar zaɓe, Abdoulaye Wade ya faɗi a 2012. A Burkina Faso mawaƙi Smockey na cikin jagororin gangamin da ya kawo ƙarshen mulkin Blaise Compaoré a 2014. A Najeriya, Eedris Abdulkareem, tashin Kano, ya yi waƙar da ta fusata Shugaba Obasanjo a 2004 saboda ta faɗi halin da ƙasa take ciki.

Akwai kuma waɗanda suka kai ƙololuwa suka juya baya. Mutah Beale, wanda aka sani da Napoleon a ƙungiyar Tupac, ya rungumi Musulunci, ya bar waƙa, ya koma Saudiyya da zama. Loon na kamfanin Bad Boy ya musulunta a 2008, ya zama Amir Junaid Muhadith. Waɗannan sun ga kuɗin, sun ga sunan, sun ce akwai abin da babu a ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

9. GA NAMU NA GIDA

Yanzu akwai masu wannan waƙa da Hausa a Kano, Kaduna, Jos, Bauchi, Yamai da Damagaram, wasunsu Allah Ya ba su kaifin harshe na ban mamaki. Ɗan'uwa, kai nake yi wa magana. Na Bronx abin da ya gani a ƙofar gidansu ya waƙe. Kai me ya sa kake waƙe ƙofar gidan wani? Ka ari tafiyarsa, ka ari zaginsa, ka ari faɗan unguwannin da ba ka taɓa takawa ba, ka bar manomin da ya kasa zuwa gonarsa a Zamfara, da yaron da ke kwana a tasha, da yarinyar da ta bar makaranta.

Kuma kai ba maraya ba ne a wannan fage. Nana Asma'u ta karantar da matan karkara da waƙa ta hannun jajis na 'Yan Taru. Sa'adu Zungur ya girgiza Arewa da alƙalami. Mu'azu Haɗeja ya yaƙi giya da karuwanci da baitoci. Aƙilu Aliyu ya nuna iyakar abin da harshen Hausa zai iya ɗauka. Waɗannan ba su buƙaci ganga ba, nauyin maganarsu ya ishe su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

NASIHA

Ga iyaye da yayye: ƙwace waya kaɗai ba ya magani, zai ara a waje. Zauna da yaron, ka ce ya fassara maka baiti huɗu daga abin da yake ji. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa wa'azi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga mai saurare: kunne ƙofar zuciya ce, kuma za a tambaye ka a kansa. Ka yi wa kanka hisabi, abin da kake maimaitawa sau ashirin a rana me yake shukawa a cikinka? Baiti nawa ka haddace, aya nawa ka haddace?

Ga mai baiwar harshe: baiwa amana ce. Abin da ka ɗora a intanet zai ci gaba da yawo kana cikin kabari, ko lada yana zuwa maka ko akasinsa.

Ga 'yan'uwana malamai da masu Islamiyyu: mun iya cewa haram, amma me muka ajiye a gurbin? Yaron da yake iya jera ƙafiya goma a numfashi ɗaya, da ya samu mai koya masa aruli da ƙa'idar rubutacciyar waƙa, wataƙila shi ne Hassanun unguwarku. Mu buɗe gasar waƙe da muhawara a makarantunmu, mu saurare su, mu gyara musu. In ba mu jawo su ba, akwai masu jiran su.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.